Rawar birki a motoci masu gudu

Rawar birki ita ce karkarwar da direba yake ji in ya taka birki mota na tsaka da gudu. In daga gaba take, sitiyari ne ke rawa a hannu, in ta baya ce sai a kujera za ka fi jin ta.

Tarihi

Birkin faifai, wanda makanikai ke cewa disk, ya daɗe fa. Frederick Lanchester ya yi rajistarsa a Ingila tun 1902, sai dai bai karɓu ba sai bayan da Jaguar C-Type mai birkin Dunlop ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953, don tana iya jinkirta taka birki har ta kusa kwana, sauran masu birkin ganga kuwa zafi na kashe musu ƙarfi. A 1955 Citroën DS ta fito da shi a motar kasuwa. Su kuma fad, wato abubuwan da ke matse faifan in an taka birki, da asbestos ake yinsu a da, aka daina a ƙasashe da yawa saboda yana lalata huhu, wajajen shekarun 1980 zuwa 1990.

Dalili

Yawanci kaurin faifan ne ya zama ba ɗaya ba. Misali mutum ya sauko daga Jos ta Toro zai shigo Bauchi, ƙafarsa na kan birki duk gangaren nan, faifai ya ɗau zafi, sai ya tsaya cak a shingen bincike ya danne birki, to nan fad ke barin tabo a wuri guda, wani lokaci har shatinsa za ka gani a jikin ƙarfen. Tsatsa a mazaunin faifai da ɗaure notin taya ba daidai ba su ma suna jawowa, kuma ɗaurin notin ne aka fi sakaci da shi a wajen faci. Wasu na cewa faifan ne ya lanƙwashe, wasu na musun haka.

Zaɓen fad

Mai haɗin ƙarfe yana jure zafi amma yana ƙara yana cin faifai. Na siramik shiru ne, ƙura kaɗan, ya fi dacewa da cikin gari. Na tsere zalla ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, don haka bai dace da zirga-zirgar Wunti a cikin garin Bauchi da sassafe ba.

Gyara

A goge faifan a inji in kaurinsa bai gaza lambar da aka buga a jikinsa ba, in ya gaza a canja. Sabon fad kuma a taka shi sau da yawa daga gudu ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bari ya huce.