Wai mene ne bayo-kontrol da ma'aikatan gandun daji ke ta faɗa?

A taƙaice dai, maganin biri karen Maguzawa. Maimakon ka ɗauko injin feshi ka yi ta antaya wa bishiyoyi guba, sai ka nemo halittar da dama ita ke cin ƙwaron ko cutar, ka sake ta a dajin ta yi maka aiki. Irin ajiye kyanwa a ɗakin hatsi saboda ɓera, bambancin kawai nan kyanwar wani sa'in ko ganinta ba ka yi sai da madubin likita.

Abin ya fi amfani a dajin da mutum ya dasa da hannunsa, saboda bishiya iri ɗaya ce reras hekta dubbai, kuma sau da yawa daga wata ƙasa aka kawo irin. Ka ga bishiyar turare, asalinta Ostireliya ne. Da aka dasa ta a Afirka ta Kudu sai wani ƙwaro mai cin ganyenta ya biyo sahu, ya tarar da abinci ba iyaka kuma ba mai taɓa shi, ai sai ya baje kolinsa. A 1926 aka koma can gidansu aka ɗauko wani ɗan mitsitsin zanzaro, Anaphes nitens, wanda ke saka ƙwansa a cikin ƙwan ƙwaron, kafin a ƙyanƙyashe an cinye shi daga ciki.

Wanda ya fi burge ni shi ne na kututture. A dazuzzukan bishiyar pain na Turai akwai wata funfuna, Heterobasidion, da zarar an sare bishiya sai ta sauka kan ɗanyen kututturen, ta gangara cikin saiwa, ta tsallaka saiwar bishiyar da ke kusa ta ruɓar da ita alhali kai kana ganinta tsaye lafiya lau. Wani masani John Rishbeth ya gano dabarar a dajin Thetford na Ingila, wato a jiƙa wata funfunar daban mai suna Phlebiopsis gigantea a ruwa, a shafe kan kututturen nan take bayan sara. Ita ba ruwanta da bishiya mai rai, kama wuri kawai take yi, muguwar in ta zo ta tarar an riga ta. A Finland ma injin saran ne ke fesa ta yana yanka.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba, maganin nan Green Muscle da aka gwada kan fara a Nijar ai funfuna ce.

Sai dai fa ba kamar fiya-fiya ba ne da za ka fesa yanzu ka ga gawa yanzu, akan ɗauki makonni, wani ma shekaru. Kuma ba a sakin halitta da ka, sai an killace ta an tabbatar abin da aka kawo ta dominsa kaɗai take ci. Ostireliya ta shigo da wani ƙaton kwaɗo a 1935 don ƙwarin rake, bai tsinana wa ƙwarin komai ba, har yau suna fama da shi.