Pareiasauria: dabbobin da suka riga dainoso taka ƙasa

Waɗanne irin halittu ne?

Dabbobi ne masu jan ciki da suka rayu a tudu a zamanin Permian, kimanin shekara miliyan 265 zuwa miliyan 252 da suka wuce. Ciyayi suke ci. Suna da katon ciki, gajeruwar wutsiya da ƙafafu masu kauri, kuma manyansu sun kai mita uku. Haƙoransu faɗi gare su, gefensu da tsaga-tsaga don yankan ganye. Da yawansu suna da faya-fayan ƙashi a cikin fatar gadon baya.

Dainoso ne ke nan?

A'a, ko da yake jama'a kan kira duk tsohon ƙashi da wannan suna. Sun ƙare fiye da shekara miliyan goma kafin dainoso ya bayyana.

A ina aka tono su?

Yankin Karoo na Afirka ta Kudu ya ba da Bradysaurus, Rasha ta ba da Scutosaurus, Skotland kuma Elginia. A Nijar, kusa da Arlit a jihar Agadez, an samo Bunostegos akokanensis a shimfiɗar duwatsun da ake kira Moradi. Masanin tsoffin ƙasusuwa Christian Sidor da abokan aikinsa, ciki har da Boubé Gado, suka bayyana shi a 2003. Girmansa kamar na saniya, kansa cike da ƙululun ƙashi a hanci da saman idanu.

Me ya sa na Nijar ya fita daban?

Tsayuwarsa. Ƙadangare yana baza ƙafafu gefe, cikinsa dab da ƙasa. Binciken Morgan Turner na 2015 ya nuna Bunostegos ba haka yake ba. Gurbin kafaɗarsa ƙasa da baya yake kallo, don haka ƙashin dantse ba shi da hanyar miƙewa gefe. Dantsen ba shi da murɗiyar da ake gani a masu baza ƙafa. Gwiwar hannu gaba da baya kawai take lanƙwasawa, kuma ƙashin sangalin hannu ya fi na dantse tsawo. Idan aka haɗa waɗannan alamu huɗu, dabbar tana ɗaga jikinta sama, ƙafafu ƙarƙashinta. Yana cikin mafi daɗewar dabbobin da aka sani da irin wannan tafiya. A lokacin wurin tsakiyar Pangiya ne, wato babbar nahiya ɗaya da ta haɗa dukan nahiyoyin yau, busasshe ƙwarai, kuma masana na ganin irin wannan tsayuwa tana rage wahalar doguwar tafiya tsakanin ruwa da abinci.

Me ya hallaka su?

Gagarumin aman wuta a Siberiya shekara miliyan 252 da suka wuce. Zafi ya ƙaru, tekuna suka rasa iskar shaƙa, yawancin halittu suka tafi.

Wanda ya ga irin ƙashin ya yi yaya?

Kada ya ɗauke shi. Darajarsa tana cikin shimfiɗar dutsen da ya fito, domin ita ke nuna shekarunsa. Masu tono sai sun auna wurin, sun shafa masa gam mai ruwa ya shiga tsagogi, sannan su naɗe shi da takarda da buhun algarara da aka tsoma a filasta. Ƙashin da aka fizge ba tare da haka ba yakan farfashe a hannu.