Malamai, ciwon kan farkon zango ba na banza ba ne

Duk shekara da an koma makaranta a Satumba, mu da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi mun san malamai za su fara zuwa. Wani ciwon kai, wani wuyansa ya riƙe, wata muryarta ta dishe, wani ya ce barci ne ya ƙaurace masa, a yi gwajin maleriya a ga babu komai amma jikin dai ba daɗi.

To ina mamaki? Ga rajista, ga shirin darasi, ga sabbin 'yan aji ɗaya masu kuka, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare amma wani ajin ya ninka haka har sau biyu ko uku, sannan malamin nan shi ma uba ne ko uwa, kuɗin makarantar nasa yaran da yunifom da littattafai duk a wata ɗaya suke faɗo masa, ga kuɗin mota da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wallahi abin da yawa.

Wannan gajiyar ba lalaci ba ce. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta a matsayin matsalar da aiki ke jawowa: ƙarfinka ya ƙare, aikin ya fita daga ranka, ka dinga jin ba abin da kake tsinanawa.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Malam ya biya a haɗo masa magani, gobe ma haka, wasu har tramadol ko ƙwayar barci, da rana kuma goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, dare ya yi ido biyu. Dan Allah kafin ka sayi wani haɗin ka zo a auna maka hawan jini, minti biyar ne. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, in awon yana kai 140/90 ko sama a lokuta daban-daban to sai an bi ka a hankali. Barci kuma awa 7 babba yake buƙata, ki ajiye duba littattafan nan Malama, ba sai kin gama su a daren ba. Ki shiga aji da gorar ruwa kina kurɓa, ki rage ɗaga murya, in dishewar ta wuce sati uku a zo a duba maƙogwaro.

Ranka ya daɗe hedimasta, kai ma da naka. Kar a tara komai a satin farko, kuma sabon malami ba shi za a jefa wa ajin da kowa ke gudu ba, a haɗa shi da wani tsohon hannu da zai dinga kai wa kukansa. In ka ga malamin da aka sani da haƙuri ya koma yawan duka da tsawa, ka ja shi gefe ka tambaye shi lafiya kafin ka rubuta masa takardar gargaɗi.

In damuwar ta wuce sati biyu, ba barci ba cin abinci, komai ya fita kanka, a yi addu'a kuma a je asibiti, zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Akwai asibitin Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Wanda kuma tunanin cutar da kansa ya fara zuwar masa, ya gaya wa wani nasa a raka shi asibiti a ranar, kar a jira gobe.