Mene ne "aksesibiliti" a gyaran hanyoyin wuraren shaƙatawa?

A garuruwan Amurka, duk sanda hukumar gari ta tashi gyara tsohuwar hanyar ƙafa a wurin shaƙatawa na unguwa, kalmar "aksesibiliti" ba ta barin bakin injiniyoyi. Abin da take nufi shi ne mutum ya iya shiga wuri, ya zaga, ya fito da kansa, ko a keken guragu yake, ko da sandar makafi, ko kuwa tsufa ne ya sa gwiwa ta daina ba da haɗin kai. Nauyin maganar yana kan "da kansa". In sai an ciccibi mutum an tsallakar da shi wani wuri, to hanyar ba ta ci sunanta ba.

Kalmar ta samu gindin zama ne da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da ake kira ADA, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yulin 1990. Abin da ya fi burge ni da ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashinta shi ne da tef ake duba su. Faɗin hanya kada ya gaza inci 36, wajen santimita 91. Hawanta kada ya wuce ƙafa 1 a kowace tafiyar ƙafa 20. In ya wuce, ta zama gangara, ita ma iyakarta 1 cikin 12.

Sai wani awon da mai ƙafafu lafiya ba ya ma lura da shi: karkatar hanya zuwa gefe. Dole a ɗan karkatar da ita don ruwan sama ya gangare, amma an ce kada ta wuce 1 cikin 48. Dalili kuwa, keken guragu yana bin karkata kamar yadda ruwa ke bi. Mai keken sai ya yi ta tuƙi da hannu ɗaya fiye da ɗayan don kada ya zarce cikin ciyawa, kafin ya yi nisa kafaɗa ta gaji. Tsofaffin hanyoyi a nan suka fi faɗuwa, domin ƙasa takan zauna ta gefe guda bayan shekaru. Ga saiwar itace tana ɗaga kwalta daga ƙasa, ga ruwa yana shiga tsaga, ya daskare lokacin sanyi, ya buɗa ta. Tudun da ya haura rabin inci ya isa ya tare ƙaramar tayar gaban keken guragu, shi ne kuma ke sa dattijo tuntuɓe. Tsakuwar da aka baza kawai ita ma ba ta da amfani, taya nutsewa take yi. Shi ya sa ake zuba kwalta ko siminti, ko niƙaƙƙen dutse a daddaɓe shi.

Ba a ce a baje tsauni ba dai. Ƙa'idojin 2013 na hanyoyin daji a filayen gwamnatin tarayya sun yarda da hawa mai tsanani, har 1 cikin 8, muddin bai wuce tafiyar ƙafa 10 ba kafin a samu shimfiɗaɗɗen wurin hutawa.

Makaho kuma buƙatarsa daban. Tubalan nan masu ƙuraje da ake ji a tafin ƙafa, wani Bajapane ne, Seiichi Miyake, ya ƙirƙiro su, aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967. Masu layi-layi suna cewa ci gaba, masu ɗigo-ɗigo suna cewa dakata.

A Najeriya ma akwai doka makamanciyar wannan, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika, amma wanda ya taɓa tura keken guragu a gefen titi ya san kwata nawa ce har yanzu a buɗe.