Tafiyar alfarma zuwa Biyetnam: me kuɗin matafiyi ke saya masa?

Idan aka ce Biyetnam, yawancinmu yaƙi muke tunawa, ko kuwa 'yan kasuwar da ke sayen ɗanyen kashu daga Najeriya su kai can a sarrafa. Amma yau ƙasar na cikin wuraren da masu hali ke zuwa hutu. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar tafiya zai fara yi.

Wace irin ƙasa ce, kuma kwana nawa ya kamata a yi?

Doguwa ce siririya a gaɓar teku, tsawonta daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 1,650, jama'arta sun ɗan haura miliyan 100. Hanoi, babban birni, yana arewa. Birnin Ho Chi Minh, wanda mazaunansa ke kira Saigon har gobe, yana kudu. A tsakiya akwai Hue da Hoi An. Wanda ya ware ƙasa da kwana goma zai ƙare ne a filayen jirgi. Sati biyu ya fi.

Abinci da masauki ba su da tsada a can. To, me ake nufi da alfarma?

Akwai alfarmar masauki, kuma ta gaske ce. Otal ɗin Metropole na Hanoi an buɗe shi a 1901, zamanin mulkin Faransa, kuma a 2011 masu gyara suka gano ɗakin ƙarƙashin ƙasa da baƙi ke fakewa daga bama-baman Amurka. Yanzu ana zagayawa da baƙin otal ɗin su gani. A mashigin tekun Ha Long, inda duwatsu kusan 2,000 suka tsiro daga cikin ruwa, akwai jiragen ruwa masu ɗakunan kwana, mutum ya wayi gari hazo na yayewa daga kan duwatsu.

Sai dai a ganina, abin da ya fi cancantar a kashe wa kuɗi shi ne ɗan jagora masani, naka kai kaɗai, da mota da direba. Shi zai kai ka fadar Hue da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika ƙofa. Shi zai karanta maka rubutun da ke jikin allunan dutse, ya tsaya maka tafinta a wurin tsohuwar da ta shekara da shekaru tana dafa miya ɗaya a bakin titi. Daga tagar otal ba a sanin gari.

Ina ne tarihin yake?

Ko'ina, amma hawa-hawa. An kafa Hanoi a matsayin fadar mulki a 1010, kuma Haikalin Adabi da ke cikinta, wanda aka gina a 1070, yana ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sarki, an sassaƙa a kan alluna da ke bisa bayan kunkurun dutse. Hue ita ce gidan sarautar Nguyen daga 1802 har 1945, lokacin da sarki na ƙarshe, Bao Dai, ya ajiye mulki. Duk wanda ya san ganuwar Kano da ƙofofinta zai gane tsarin nan take: ganuwa, cikinta fada, cikin fada kuma wani sashe da ba kowa ke shiga ba. Hoi An kuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da fataken Sin da Japan suka zauna, har yau gadar Japanawa mai rufi tana nan, telolin garin kuma na iya ɗinka maka kaya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sannan tarihi mai ɗaci. A 1954 aka karya sojojin Faransa a Dien Bien Phu, kuma cikin rundunar Faransa a wannan yaƙi akwai sojojin da aka kwaso daga yammacin Afirka. A ranar 30 ga Afrilu 1975 tankokin Biyetnam ta Arewa suka fasa ƙofar fadar shugaban Biyetnam ta Kudu a Saigon, lokacin ƙasar na rabe gida biyu. Fadar na nan a buɗe ga masu ziyara, haka ma ramukan Cu Chi da mayaƙa suka haƙa suka zauna a ciki. Gidan tarihin yaƙi na Saigon yana da hotunan da ke sa mutum hawaye. Kada a sanya shi tsakanin cin rana da zuwa kasuwa. A ba shi wuni nasa.

Musulmi zai samu abin da zai ci?

Nan ne ake bukatar lura sosai. Naman alade ya ratsa girkinsu. Burodin banh mi, gadon Faransawa, galibi da shi ake cusa shi. Taliyar cao lau ta Hoi An da shi ake yi. Miyar bun bo Hue, ko da sunanta na cewa naman sa ne, sau da yawa ana dafa romonta da ƙashin alade. Ita pho, miyar taliyar shinkafa da aka fi sanin ƙasar da ita, ta sa ce ko ta kaza, amma tambayar wa ya yanka tana nan.

Mafita uku ce. Ta farko kifi da sauran kayan teku, waɗanda suke a wadace. Ta biyu gidajen abincin da aka rubuta wa "chay", na mabiya addinin Buda, inda ba a sa nama ko kaɗan. Ta uku gidajen abincin halal da ke kewaye da babban masallacin Saigon a titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935, da kuma kusa da masallacin Al-Noor na Hanoi. Amfanin biyan kamfani mai tsada shi ne a sanar da shi tun kafin a tashi, ya shirya da masu girki, har a jirgin ruwa. A tambayi batun giya a miya da man suya ma.

Wanda ke son ganin Musulmin ƙasar na asali ya gangara Chau Doc, a yankin kogin Mekong kusa da iyakar Kambodiya. Al'ummar Cham suna zaune a can cikin gidajen da aka ɗora kan turaku saboda ambaliya, da masallatansu da masaƙunsu.

Ɗanɗanon abincin zai yi wa bakinmu daɗi?

Abin da daddawa take a tukunyarmu, shi nuoc mam yake a tasu: ruwan kifi ne da aka jiƙa da gishiri watanni, warinsa ya fi ƙarfin baƙo, amma miya ba ta tashi sai da shi. Suna cin ɗanyen ganye da yawa, na'a-na'a da lemun tsami da barkono a gefe, kowa ya zuba daidai bakinsa. Kofi kuma sai dai a sara musu, domin Barazil kaɗai ta fi su nomansa. A Hanoi ana kaɗa gwaiduwar ƙwai da madara a ɗora a kai. Tun 2023 kundin Michelin, wanda ya yi suna a duniya wajen auna ingancin gidajen abinci, ya fara tantance gidajen abincin Hanoi da Saigon, kuma har da ƙananan rumfuna masu kujerun roba a cikin waɗanda ya yaba.

Yaushe ya fi dacewa a je?

Yanayin ba ɗaya ba ne. Arewa na yin sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsakiya na shan ruwa da guguwa wajen Satumba zuwa Nuwamba, har Hoi An kan cika da ruwa. Maris da Afrilu sun fi dacewa da mai son ratsa ƙasar duka. Bikin sabuwar shekararsu, Tet, yana faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Kowa na tafiya gida kamar yadda muke yi da Sallah, shaguna da yawa a rufe, tikiti kuma ya yi wuya.

Ta ina ake bi?

Galibi ta Doha ko Dubai ko Istanbul. Ana neman biza ta intanet kafin tafiya. A cikin ƙasar jirgin sama ya fi sauri, amma tsakanin Hue da birnin Da Nang, wanda ke kusa da Hoi An, a hau jirgin ƙasa, a nemi kujerar ɓangaren teku, domin layin na bin gefen dutsen Hai Van, ruwa na can ƙasa.