Agwagwa na barci da ido ɗaya, mutum ba ya iyawa

Wata Alhamis da hantsi aka kawo mana gidan likita wani matashi ɗan kabu-kabu, gwiwar hannu da kafaɗa duk sun ɗaye. Kusa da Kasuwar Dole ya faɗi, ba wanda ya buge shi, ba rami a hanya. Ina wanke ciwon na tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta. Ya ce sun tashi daga fada wajen ƙarfe 2 na dare, an sha shayi har na uku, da asuba kuma ya fito neman fasinja. "Amma wallahi Malama idona biyu, ban yi barci ba."

Ba ƙarya ya yi ba, bai dai sani ba ne. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na daƙiƙa 2 ko 3, wani lokaci ido a buɗe. Moton da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin fiye da mita 30 a daƙiƙa 3 ɗin nan, babu mai tuƙi. Da magabata suka ce barci ɓarawo ne, irin wannan satar suke nufi.

Wasu dabbobi an hore musu dabarun da mu ba mu da su. Agwagi in sun jeru suna barci, waɗanda ke bakin layi sukan bar idon waje a buɗe, rabin ƙwaƙwalwa na hutawa, rabi na gadi. Masu bincike a Amurka sun nuna haka a 1999. Dolfin, wata dabbar teku, shi ma rabi-rabi yake yi, don dole ya riƙa leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska. Doki da jaki da muke gani a tsaye kai a sunkuye, gaɓoɓin ƙafarsu ne ke kullewa su yi gyangyaɗi ba su faɗi ba, amma barcin mafarki sai sun kwanta ƙasa. Mai ɗaure jakinsa da gajeriyar igiya a wuri mai tsakuwa ya lura da wannan. Giwaye biyu da aka bi a dajin Botsuwana barcin awa 2 kawai suke yi a yini, yayin da wani jinsin jemage ke kusan awa 20.

Ɗan Adam fa? A 1964 wani ɗalibi Ba'amurke mai shekara 17, Randy Gardner, ya yi kwana 11 ba runtsawa. Tun kafin ya kai ƙarshe ya fara mantuwa da ganin abin da babu. Ba sai an je nan ba ma. Wani bincike a Ostareliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hannunsa da hankalinsa na yin nauyi kamar na wanda ya sha giya har iyakar da dokar tuƙi ta Faransa ta gindaya. Ku ƙirga: wanda ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, ƙarfe 10 na dare ya cika awa 17. Direbobin hanyar Tanut da Agadas da ta Magariya, da ku nake. In hamma ta fara yawa, a tsaya gefe a runtsa ko na minti 20.

Shayi ba ya biyan bashin barci, ɓoye shi yake. Akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun safe, shi ke sa jin barci; sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi yana toshe masa hanya ne kurum, kuma bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini. Tramol kuwa ya fi muni, ga jaraba, ga farfaɗiya da yake iya tayarwa.

Babba na buƙatar aƙalla awa 7. Ƴan lakwal masu shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, matasa 8 zuwa 10. Cikin barci mai nauyi jikin yaro ke fitar da mafi yawan sinadarin girma, a nan kuma karatun rana ke zama a kai. Iyaye mata, wayar nan a karɓe ta bayan isha'i. Da bazara in an fito tsakar gida saboda zafi, a fito da sange.

Ana yawan tambayata game da dannau. Lokacin mafarki jiki na kulle tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In ya farka kafin kullin ya sake, sai ya ji an danne shi, ba motsi, ba murya. Yana wucewa da kansa, kuma ya fi samun mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine.

Minshari ne ya fi damuna, don shi ake yi wa dariya. In maigida na minshari, numfashi ya tsaya cak, sannan ya zabura da shaƙewa, da rana kuma yana gyangyaɗi ko a zaune, hanyar iska ce ke toshewa, kuma hakan na da alaƙa da hawan jini. Shi ba zai sani ba, uwargida ce ke ji. Ki faɗa masa, ku zo gidan likita tare a auna jininsa.