Bishiyoyi Sun Yi 'Ya'ya Sun Fi Ƙarfin Ci: Yadda Ake Adana Tuffa, Fulam da Fiya

Shekara ta yi albarka. Reshen tuffa ya sunkuya, fulam na zubowa ƙasa, fiya ta cika kwanduna, an ci an raba kuma ga saura jibge. Fiyar da ake nufi a nan ita ce mai kama da tuffa mai ɗan wuya, ba avokado ba. Fulam kuwa ɗan itace ne mai laushi da ƙwallo ɗaya a ciki.

Da wanne zan fara?

Da fulam, domin shi ne marar haƙuri. In ya nuna, 'yan kwanaki kaɗan yake yi ko a cikin firij. Fiya ta biyo baya, tuffa ta zo ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna feraye tuffa saboda ita ce ta fi yawa a ido, alhali fulam na can yana zubar da ruwa a ƙasan kwando.

Tuffa za ta iya zama ɗanya har tsawon watanni?

Za ta iya, amma ba kowace ba. Irin da ke nuna a ƙarshen kaka ya fi jurewa. Mai saurin nuna a cinye ta kawai. A tsinko da hannu tare da ɗan tsinkenta, a ware duk mai tabo ko wadda ta faɗo da kanta. A naɗe kowace ɗaya a takarda, a jera su ba tare da sun taɓa juna ba, a wuri mai duhu da ɗan laima, sanyinsa tsakanin digiri 0 zuwa 4 a ma'aunin Celsius. Duk mako a leƙa, a fitar da wadda ta fara laushi.

Tuffa tana fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke hanzarta nunar yawancin 'ya'yan itacen da ke kusa da ita. Shi ya sa ba a haɗa ta da fiya wuri guda, sai dai in so ake fiyar ta nuna da wuri.

Me ya sa fiyata ke yin kyau a waje amma cikinta ya ruɓe?

Saboda daga ciki take fara nuna. Wanda ya bar ta a bishiya har ta yi laushi ya makara. Ana tsinke ta tana da tauri, a ajiye a sanyi, a riƙa fito da kaɗan-kaɗan. A danna babban yatsa kusa da tsinken: in wurin ya ɗan lotsa, ta isa ci.

Jam ɗina ya ƙi kamawa. Ina matsalar?

Abu uku ke kama jam: sukari, tsami, da wani sinadari mai kamar danƙo da ke cikin 'ya'yan itace, wato fektin. Tuffa da fulam suna da shi sosai, musamman waɗanda ba su gama nuna ba. Fiya kuwa ba ta da shi da yawa, don haka a haɗa ta da tuffa da ruwan lemun tsami. Yawanci kilo ɗaya na sukari ne ga kilo ɗaya na 'ya'yan, a tafasa har ya kai wajen digiri 105. In babu ma'auni, a ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa. In samansa ya yamutse, a sauke. Ni ina ganin rage sukari don gudun zaƙi ba laifi ba ne, amma irin wannan jam ɗin wurinsa firij, kuma ba ya daɗewa.

Rufewa a kwalba ba shi da haɗari?

Dabara ce tsohuwa. Nicolas Appert na Faransa ya wallafa ta tun 1810. Abin tsoro shi ne ƙwayar cutar botulizim, wadda ba ta yaɗuwa a abu mai tsami sosai, wato wanda lambarsa ba ta kai 4.6 ba a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. Tuffa, fulam da yawancin fiya suna cikin wannan tsaro, amma fiyar Asiya tsaminta kaɗan ne, dole a ƙara mata lemun tsami. A tafasa kwalaben da aka cika a cikin ruwan da ya rufe su. Kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya, a zubar da abin cikinta, kada ma a ɗanɗana.

Busarwa ko firiza?

Firiza ta fi sauƙi: a raba fulam biyu, a cire ƙwallon, a baza a tire ya daskare tukuna kafin a zuba a leda, don kada ya zama dunƙule ɗaya. Busarwa ta fi cin lokaci amma ba ta cin wuri. A yanka tuffa kaurin rabin santimita, a tsoma a ruwan lemun tsami don kada ta yi duhu, a busar a zafin digiri 60 har ta riƙa lanƙwasa kamar fata, babu danshi.

Waɗanda suka fara ruɓewa fa, in matse su in sha?

A'a. Funfunar da ke kama tuffa tana barin wata guba mai suna fatulin, kuma tafasawa ba ta kawar da ita. Wadda ta bugu kawai, a yanke wurin a dafa ta ranar. Mai funfuna kuwa a kai ta ramin taki.